Af da Bij

Shafi huɗu suka fito daga injin Nomau mai kwafi,
da ɗuminsu kamar waina.
Ukashatu ya turo su daga Holan
a liƙa cikin takardun bizar uwarsa.
Ya ce, "Baba, ba sai ka karanta ba."

Ni? Shekara talatin da ɗaya ina akawun kuɗi
a sakatariyar Aliero.
Na ɗauki tabarau, na zauna inuwar rudun albasa.

Bankin nan, wai, ba shi da ƙofa,
ba benci, ba layi, ba mai gadin da za ka gaisar.
A waya yake kwana, a waya yake tashi.
Harshensa ma ban iya ba,
sai dai lamba ba ta da ƙabila.

Da fari sun ruɗa ni.
Inda muke sa ɗigo, waƙafi suke sawa.
Na ga 1.940,00, na ce yaron nan ko yuro biyu bai cika ba.
Rumasa'u ta yi dariya har gyalenta ya zame,
sannan ta haska shafin da wayarta:
Bij, abin da ya shigo.
Af, abin da ya fita.
Na ce ashe da Hausa suke yi,
mu ma in abu ya kuɓuce mana, af muke cewa.

Bij sau ɗaya tak, ranar ashirin da biyar.
Af kuwa jerin gwano.

Huur, ɗari bakwai da tamanin:
kuɗin haya ne, ba sadakin hurul'ini ba.
Ɗaki guda! A kasuwarmu kuɗin bijimi ne.
Inshorar lafiya. Facin keke.
Burodi da madara, biyu da sha tara,
kullum shida da 'yan mintoci na safe,
lokacin da nake naɗe buzuna.
Na bi layi da yatsa ina neman nama,
sau biyu na ci karo da mahauci,
duka ranar Juma'a.

Wata kalma ta maimaita kanta sau uku.
Rumasa'u ta duba, ta ƙi ɗago kai.
Na ce faɗi mana.
Ta ce kantin magani ne.
Tara ga wata, sha biyu, sha shida.
Ranar taran mun yi waya da shi,
ya ce lafiya lau,
sanyi ne kawai ya dushe masa murya.

A shafi na uku na tsinci sunana
an rubuta shi da manyan baƙaƙe.
Sha bakwai ga wata. Af, ɗari shida.
A gefe ya sa da Hausa: injin ban-ruwa.
Ni na kira shi, na ce tsohon ya ƙone,
yabanya tana sunkuyar da kai.
Ko nishi bai yi ba.

Ƙarƙashinsa, Saldo, wato abin da ya rage:
sha ɗaya da talatin da biyar.
Saura kwana takwas a ga Bij.

Daga nan layin burodin ya fara tsallake rana,
sannan ya ɗauke.
A zamanina farin shafi abin yabo ne,
yau na ga fari mai kukan ciki.
Can ƙasa albashi ya sauka, ya rufe komai.
Shi masu biza za su duba.

Na tara, na ɗebe, da fensir a bayan shafin,
don hannu ba ya manta sana'a.
Lissafi ya daidaita, ko kwabo bai ɓace ba.

Uwarsa ta leƙo da ludayi a hannu:
"Me takardar ta ce?"
Na ce ta ce yana da aiki, yana biyan haya kan kari.
Ta ce alhamdulillahi, ta koma madafa.

Na ninke shafukan, na sa ƙarƙashin hula.
Daga fadama ina jin sabon injin
yana jan ruwa, yana tari:
af, af, af.